Alƙaluman Daren da Sanyi Ke Ƙona Lambu

A birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka akwai lambunan unguwa sama da 550 a ƙarƙashin shirin GreenThumb, wanda aka kafa a 1978, kuma yanzu yake hannun hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta birnin. Da yawansu kangaye ne da juji a da. Mutanen unguwa suka share, suka yanka fangali-fangali, kowa ya samu ɗan abin da zai shuka. A yankin Bronx, inda 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa, har da Hausawan Nijeriya da Nijar da na zangunan Gana, wanda duk ya samu fangali ba ya rasa marmarin kayan miyar gida: kuɓewa, yakuwa, lalo, gauta, attaruhu. Suna kuwa yi, domin bazarar can tana da zafi da laima. Matsalar ita ce ƙarshen kaka. Wani dare guda zai zo, sama tangaran, iska ta kwanta, raɓa ta daskare a kan ganye, gari ya waye lambu ya yi baƙi kamar an bi shi da wuta.

Masu lambu a can suna tunkarar wannan dare da tarin alƙaluma: ranar da ake sa ran ƙanƙarar farko, digirin da hukumar hasashen yanayi ta faɗa, lambar yanki a taswira, kaurin ƙyallen lulluɓi. Kowanne daga cikinsu gaskiya ne, amma kowanne yana amsa tambaya ce ta daban, kuma yawancin asarar da ake yi daga cakuɗa su take fitowa.

Sifilin ma'auni da sifilin ganye

Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Selsiyas, wanda shi ne 32 a ma'aunin Faranhait da Amurkawa ke aiki da shi. To amma hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana fitar da gargaɗin raɓar ƙanƙara tun ana sa ran Faranhait 33 zuwa 36, wato daga ɗan sama da rabin digiri zuwa digiri 2.2 na Selsiyas. Ta yaya ruwa zai daskare alhali ma'auni bai kai sifili ba?

Amsar tana wurin da aka rataye ma'aunin. Na hukuma ana ɗora shi ne a tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, cikin wata 'yar rumfa da ke kare shi. Ganyen latas kuwa yana ƙasa, fuskarsa na kallon sama babu shamaki. A daren da babu gajimare, ƙasa da ganye suna sakin zafin da suka tara da rana kai tsaye zuwa sama, sai su fi iskar da ke kansu sanyi. Iskar da ta taɓa su ita ma ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta kwanta. Idan babu wata iska mai kaɗawa da za ta gauraya ta da ta sama, bambancin da ke tsakanin gwiwar mutum da ƙirjinsa yakan kai digiri biyu ko uku. Ke nan rediyo na cewa digiri 2, ganye na cikin sifili ko ƙasa da haka.

Abu uku ake dubawa da yamma. Na farko sama: gajimare bargo ne, idan ya rufe, hatsarin ya ragu. Na biyu iska: idan gudunta bai kai kilomita 8 a awa ba, sanyi zai samu damar kwanciya. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne digirin da raɓa ke fara sauka, wanda ake bayarwa a cikin hasashen yanayi. Idan tururin da ke cikin iska ya koma ruwa yana sakin zafi mai yawa, kusan jul 2,500 a kowane giram, wannan kuwa yana taka wa sanyi birki. Saboda haka idan aka ce raɓa za ta fara sauka a digiri 7, da wuya dare ya gangara ƙasa da haka sosai. Idan aka ce sai a sifili, to babu birki a hanya. Busasshiyar iska ta fi mai laima hatsari. Manomin ranin da ya san yadda asubar hunturu ke cizo a fadama bayan rana ta yi zafi jiya ya riga ya san wannan doka, ko da a ƙasarmu ba ta cika kai ga ƙanƙara ba.

Wannan duk labarin sanyin dare mai tsit ne. Akwai wani iri na daban, lokacin da iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga Kanada tana kaɗawa, sama da ƙasa duk suka yi sanyi ɗaya. Shi wannan, ƙyalle ba ya yi masa komai sosai. A Faranhait 28, wato digiri 2.2 ƙasa da sifili, idan ya daɗe awanni, ruwan da ke cikin tsokar ganye da kansa yake daskarewa, ya tsattsaga ta. Da can hukumar tana da gargaɗi na musamman na wannan mataki. Daga 1 ga Oktoba 2024 ta haɗe shi da gargaɗin daskarewa na gama-gari. Mai lambu yanzu sai ya karanta lambar da ke cikin sanarwar, sunan gargaɗin kaɗai ba zai gaya masa ko 32 ne ko 27 ba.

Ranar da ke kan kalanda

Kowane mai lambu a Amurka yana iya faɗa maka “ranar ƙanƙarar farko” ta garinsu. A tsakiyar birnin Niyu Yok, inda gine-gine da kwalta da ruwan teku ke riƙe zafi, takan faɗo a watan Nuwamba. A Albany, babban birnin jihar Niyu Yok, mai nisan kusan kilomita 240 arewa, a Oktoba ne. A duwatsun Adirondack tun Satumba an gama. Jiha ɗaya, bambancin wata biyu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wannan rana ba alkawari ba ce. Hukumar yanayi ta NOAA tana ɗaukar bayanan shekara 30, a yanzu na 1991 zuwa 2020, ta fitar da jadawali mai matakan sanyi shida: Faranhait 36, 32, 28, 24, 20 da 16. A kowane mataki tana ba da ranaku daban-daban gwargwadon yiwuwa, daga kashi 10 cikin ɗari har zuwa kashi 90. Ranar da mutane suka fi riƙewa ita ce ta kashi 50. Ma'anarta, a rabin shekarun da aka ƙirga, ƙanƙara ta riga wannan rana zuwa. Wanda ya bar tumatirinsa a kan itace har ranar kashi 50, to ya yarda ne ya yi asara shekara ɗaya cikin kowace biyu. Ban san manomin da zai amince da wannan ciniki ba idan aka faɗa masa shi a fili.

Kalandar manoma ta Old Farmer's Almanac, wadda ake bugawa tun 1792, tana aiki da kashi 30. Ya fi sauƙi, amma mu buga lissafin. Idan yiwuwar tsira a shekara ɗaya kashi 70 ce, a shekara uku a jere sai a ninka 0.7 sau uku, a samu 0.343. Wato a cikin shekara uku, yiwuwar ƙanƙara ta riga ranar aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 66. Ita kanta ranar kashi 10, wadda ake ganin ta masu tsoro ce, idan aka bi ta shekara goma, yiwuwar a sha mamaki aƙalla sau ɗaya kashi 65 ce. Tazarar da ke tsakanin ranar kashi 10 da ta kashi 90 kuwa takan kai mako uku zuwa huɗu, wani wurin ma ta fi.

A ganina, lambun jama'a ba shi da hujjar aiki da ranar kashi 50. Mai lambu a bayan gidansa yana iya yin caca, domin idan ya ga sama ta washe da magariba zai fita da zanin gado cikin minti biyar. Lambun unguwa kuwa yana da ƙofa da kwaɗo, masu shi suna wurin aiki, wasu sai sun hau jirgin ƙasa kafin su iso. Ranar kashi 10 ita ce ya kamata a rubuta a allon ƙofa, a ce daga yau kowa ya zama cikin shiri.

Akwai kuma wani abin da ke ƙara ruɗa lissafin. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta nuna cewa tsawon lokacin noma a jihohi 48 da ke haɗe ya ƙaru da fiye da mako biyu tun farkon ƙarni na 20. Matsakaici ya matsa, gaskiya ne. Amma matsakaici ba ya hana dare ɗaya ya zo da wuri, kuma dare ɗaya ya ishi kuɓewa.

Ita kuwa taswirar yankunan sanyi ta ma'aikatar gona, wadda aka sabunta a Nuwamba 2023 da bayanan tashoshi 13,412, har kusan rabin ƙasar ya matsa zuwa rabin yanki mafi ɗumi, ba ta da alaƙa da wannan magana. Lambar 7b da aka ba mafi yawan birnin Niyu Yok tana nufin dare mafi sanyi a tsakiyar hunturu yakan kai digiri 12 zuwa 15 ƙasa da sifili. Wannan na mai dasa itatuwa ne. Ba ta gaya wa mai tattasai ranar da zai tsinke.

Wa ke mutuwa a digiri nawa

Kayan lambu ba su da juriya ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi ƙwarai.

Kayan ƙasashe masu zafi ba sa ma jiran ƙanƙara. Ɗoɗɗoya takan fara baƙi idan dare ya sauka ƙasa da digiri 10. Kuɓewa tana daina girma tun kafin nan. Dankali, idan ƙasar da yake ciki ta yi ƙasa da digiri 10, yana lalacewa daga ciki ba tare da alama ba, sai an ajiye shi ya fara ruɓa. Shi ya sa ake tone shi kafin ƙanƙara ko da zarar ta taɓa ganyensa, a ajiye shi a ɗumin digiri 27 zuwa 29 mai laima na mako guda ko kwana goma don fatarsa ta warke, sannan a mayar da shi wurin da bai gaza digiri 13 ba. Tumatir, tattasai, attaruhu, gauta, wake, kokwamba, kabewa da alayyafonmu na gida duk suna mutuwa a ƙanƙarar farko, ko da mai sauƙi ce.

Yakuwa tana da nata ƙarin tarko. Ba ta fure sai yini ya gajarta zuwa wajen awa 12. A Niyu Yok wannan sai ƙarshen Satumba. Daga fure zuwa lokacin da za a tsinki zoɓo ana buƙatar wasu makonni na ɗumi, kuma a daidai lokacin ne dare ke sanyi. Saboda haka mai yakuwa a can ya sa ransa a ganyen miya. Idan zoɓo ya samu, riba ce.

A ɗaya gefen akwai latas da karas da dangoginsu, waɗanda ke jure ƙanƙara mai sauƙi, digiri ɗaya ko biyu ƙasa da sifili. Sai manyan jarumai: kabeji, alayyafon Turawa, da wani ɗan'uwan kabeji mai tattararren ganye da ake kira kel, waɗanda ke tsallake digiri 6 ko 7 ƙasa da sifili, wasu irinsu ma fiye. Su waɗannan sanyi gyara su yake yi. Suna mayar da sitacin jikinsu sukari, wanda ke rage saurin daskarewar ruwan cikinsu, shi ya sa karas ɗin bayan ƙanƙara ya fi zaƙi.

Wani abin mamaki a nan: tsabtataccen ruwa yana iya sauka ƙasa da sifili sosai bai daskare ba, sai ya samu abin da zai kama. A shekarun 1970 masu bincike a Amurka, cikinsu har da Steven Lindow, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai zama a kan ganye, Pseudomonas syringae, tana sa ƙanƙara ta kama tun a wajen digiri 2 ƙasa da sifili. Yanzu har ana amfani da ita wajen ƙera dusar ƙanƙara a wuraren wasan zamiya. Ga mai lambu, wannan na daga cikin dalilan da ke sa fangali biyu a jere su kwana cikin sanyi ɗaya, ɗaya ya ƙone, ɗaya ya tsira.

Tumatir ne ke jawo gardama a kowace kaka, don mutane ba sa son tsinke shi ɗanye. Alƙaluma ba su goyi bayan jira ba. Ya fi nuna a digiri 20 zuwa 25, kuma ƙasa da 13 nunar kusan tsayawa take yi. Wanda ya ƙosa amma bai yi ja ba, idan aka kai shi ɗaki mai digiri 21 yana nuna cikin kusan mako biyu, a digiri 13 kuwa cikin mako uku zuwa huɗu. Ana gane ƙosasshe idan aka yanka ɗaya aka ga 'ya'yan cikinsa sun kewayu da yauƙi, wuƙa ba ta yanka su. Wanda ƙanƙara ta riga ta taɓa ba ya ajiyuwa.

Digiri nawa ƙyalle ke saye

Ƙyallen lulluɓi da ake sayarwa ana auna shi da nauyi. Marar nauyi, wajen giram 17 zuwa 19 a murabba'in mita, yana barin kusan kashi 85 na haske ya shiga, yana kare Faranhait 2 zuwa 4. Matsakaici, giram 30, yana barin kashi 70, yana kare har zuwa 6. Mai kauri, giram 50, rabin haske kawai yake bari, yana kare har zuwa 8. Waɗannan lambobin masu sayarwa ne, kuma a dare mai tsit aka samo su.

A nan wanda ya saba da Selsiyas yake tuntuɓe. Tazarar Faranhait ɗaya digiri 0.56 ce kawai ta Selsiyas. Ƙyallen da aka ce yana kare 4 digiri 2.2 yake karewa, wanda aka ce 8 kuwa 4.4. Idan an yi hasashen digiri 1 ƙasa da sifili a tashar hukuma, kuma fangalinka yana kwazazzabon lambu inda ya fi tashar sanyi da digiri biyu, to siririn ƙyalle ba zai fitar da tattasai ba.

Shi ƙyalle ba ya ƙirƙirar zafi. Tare wanda ke fitowa daga ƙasa yake yi. Don haka dole ya sauka har ƙasa ta kowane gefe a danne shi da bulo, kuma dole a shimfiɗa shi kafin rana ta faɗi. Wanda ya naɗe kan shuka ya ɗaure a gindi kamar alawa ya raba ta da tushen ɗuminta. Leda kuwa duk inda ta taɓa ganye wurin zai ƙone, sai an ɗora ta a kan ƙarafa, kuma a yaye ta da safe.

Ruwa ma'ajiyar zafi ne. Giram ɗaya nasa yana riƙe kusan ninki biyar na abin da giram ɗaya na busasshiyar ƙasa ke riƙewa, shi ya sa ake ban ruwa da rana idan ana tsoron dare. Duro mai cin lita 200, idan ya huce da digiri 5 cikin dare, ya saki jul miliyan 4.2, wanda ya yi daidai da na'urar ɗumama ɗaki mai wat 1,000 ta yi aiki awa ɗaya da minti goma. A cikin rumfar leda wannan abu ne. A fili, iska ce za ta sha shi.

Lissafin hannaye

Alƙalamin da babu shi a jadawalin kowace hukuma shi ne na mutane. Mu ƙaddara lambu mai fangali 30, kowanne ƙafa 4 da ƙafa 8, girman da aka fi yi a can, wato mita 1.2 da 2.4. Kafin ƙyalle ya rufe fangali ɗaya ya sauka ƙasa ana buƙatar wajen mita 2 da 3.5, murabba'in mita 7. Duka lambun 210. Idan mutum biyu za su gama fangali ɗaya cikin minti goma, aikin awa biyar ne. Kafin a gama shi cikin awa guda sai an tara mutum goma.

Ga kuma agogo. A Amurka ana mayar da shi baya da awa ɗaya a ranar Lahadin farko ta Nuwamba. Daga ranar, rana tana faɗuwa a Niyu Yok kafin ƙarfe biyar na yamma, lokacin da yawancin masu lambu ba su tashi daga aiki ba. Makonnin da hatsarin ya fi yawa su ne makonnin da gayya ta fi wuyar haɗuwa. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, in ji Bahaushe, amma sai hannayen sun iso kafin magariba.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a yi niyyar rufe komai. Kabeji da kel ba sa buƙata. Kuɓewa da ɗoɗɗoya sun riga sun gama, ko an rufe su ba za su ƙara komai ba. Tumatir da attaruhu da kabewa a tsinke su a ranar Asabar da ta fi kusa da ranar kashi 10. Abin da ya rage na rufewa shi ne latas da 'yan ganyayen da aka shuka a ƙarshen bazara, wataƙila kashi ɗaya cikin uku na lambun. A misalinmu fangali goma ke nan, ƙyalle murabba'in mita 70, mutum huɗu cikin ƙasa da awa ɗaya.

Ko su ɗin ma akwai iyaka. Idan yini ya gaza awa 10, yawancin kayan lambu suna daina girma ko da sanyi bai kashe su ba. A Niyu Yok wannan yana farawa wajen tsakiyar Nuwamba, ya kai ƙarshen Janairu, kuma yini mafi gajarta awa 9 ne da kusan kwata. A Kano yini bai taɓa gaza awa 11 ba, shi ya sa wanda ya koyi lambu a gida ba ya kawo wannan a ransa. Abin da bai girma ba kafin tsakiyar Nuwamba zai zauna ne yadda yake. Masu shukar kaka sukan ƙara kwana 14 a kan adadin da ke jikin takardar iri don wannan dalili.

Sauran aikin ba shi da gardama. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, wannan ya isa ya fasa bututu da duro, saboda haka a zazzage tiyo, a tsiyaye tankin ruwan sama, a bar famfonsa a buɗe. Ganyen tumatir mai cuta kada ya shiga ramin taki. Tafarnuwa ita ce shukar wannan lokaci: ana binne ta a Oktoba ko farkon Nuwamba, zurfin santimita 5, tazara 15, a rufe da busasshen ganye, a tone a Yuli. Fangali ɗaya yana cin ƙwaya ɗari da 'yan kai.

Ga duk kwamitin lambu da ke da ɗan kuɗi a asusu, kafin a sayi ƙyalle a sayi ma'auni biyu masu riƙe mafi ƙarancin digirin dare. A ajiye ɗaya a tudun lambu, ɗaya a kwarinsa, dukansu a tsayin ganye. Kowace safiya daga farkon Oktoba wani ya rubuta abin da suka nuna kusa da abin da hukuma ta yi hasashe. Cikin mako biyu ko uku za ku san digiri nawa ya kamata ku riƙa cirewa daga hasashen, da kuma fangalin da za a fara rufewa.